Sallama Uku a Rumfar Zobe

Ranar wata Laraba abin ya fara, a ƙarshen damina. Tun hantsi hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin a saman ruwan Zobe, ya yi ta rugugi har la'asar, sannan iska ta kwashe shi ko ɗigo bai sauke ba. Zaharaddin yana zaune a rumfar kara da ke gonar kawunsa, Alhaji Ashafa, can gaba da Makera. Ya naɗe tiyo, ya lulluɓe injin ban-ruwa da leda saboda ruwan da bai zo ba. Da ya rasa abin yi, sai ya ciro waya.

Shekarunsa ashirin da uku. A aji huɗu na sakandare ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya rasu, kuma tun daga nan ƙafarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ya yi wata biyar yana koyon gyaran mashin a Dutsin-Ma, ya gaji. Ya tsare shagon caji, ya bi motar kaya har Funtuwa, duk ya watsar. Ƙarshe kawun ya kawo shi gonar rani ya ce ya zauna ya yi hankali. Maƙwabtan gona biyu sun daina zuwa tun da hanya ta fara ba da tsoro, don haka daga safe zuwa yamma babu abin da yake ji sai ƙarar inji da kukan tsuntsaye.

Aboki ɗaya gare shi a duniya, Bilya, wanda suka tashi gida da gida a Kurfi. Bilya ya ci gaba da karatu har jami'a a Dutsin-Ma. Wata huɗu kafin wannan Larabar, Zaharaddin ya kai masa ziyara ɗakinsa, ya tarar da shi da abokan karatu. Ana hira ya ɗauki wata takarda ya karanta layi ɗaya na Turanci a fili, ya karya wata kalma. Ɗakin ya ɗauki dariya. Bilya ma ya yi dariya, har da buga cinya, ya ce, "Ku rabu da shi, mutumina digirin tumatir gare shi." Zaharaddin ya sa takalmansa ya fita. Kafin ya kai bakin titi ya toshe lambar Bilya.

To a wayar nan, ranar hadarin nan, ya ci karo da wani rubutu. Da ƙyar ya haɗa Turancin, yana komawa baya yana sake karantawa. Wai akwai mutanen da suke ƙera wa kansu aboki a cikin tunaninsu, suna kiran abin tulpa. Sai mutum ya zaɓa masa kama da suna da murya, ya riƙa zama kullum yana yi masa magana kamar yana gabansa. Wai idan aka daure, wata rana abokin zai amsa da kansa, da maganar da ba kai ka sa masa a baki ba. Zaharaddin ya yi tsaki ya ajiye wayar. Can ya sake ɗauka. Kafin magariba ya shiga wani zauren intanet na masu wannan abu.

Nasa abokin, ya sa masa suna Sada. Ya yi shi dogo, baƙi, mai wushirya, da hula shuɗiya da ta ɗan koɗe. Ya jawo wata tsohuwar jarka ya kifa a gefen rumfar, nan ne mazaunin Sada. Murya ce ta ba shi wahala. 'Yan zauren sun ce a ɗauki muryar da aka sani sarai, wadda kunne zai iya kawowa ba tare da wahala ba. Ya gwada ta wani mai labarai a rediyo, ta ƙi zama. Ya gwada ta mahaifinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, ya bari. Wadda ta rage ita ce wadda ya shekara ashirin yana ji, mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshen magana. Ya ce wa kansa aro ne kawai, muryar Bilya ce amma halin ba nasa ba ne. Sada ba zai taɓa yi wa mutum dariya a gaban baƙi ba.

Kullum bayan azahar sai ya kashe inji, ya juya wa hanya baya, ya fuskanci jarkar, ya rufe ido.

"Sada, yau tumatir ya fara fure."

"Madalla," in ji muryar a cikin kansa.

"Tsutsa ta shiga fangalin albasa na bakin ruwa."

"Allah ya kyauta."

Kwanakin farko abin ya yi masa daɗi. Amma shi ba yaro ba ne. Ya lura duk amsar da za ta zo, ya riga ya san ta kafin ta iso, kamar mai jefa dutse sama yana cafewa. Sai ya fara gwaji. Ya tambayi Sada sunan wani tsuntsu da shi kansa bai sani ba. Shiru. Ya ce ya ba shi labari, kowane iri. Shiru, sai ruwa yana ɗiga daga bakin tiyo. Ya zauna awa guda bai sa masa komai a baki ba, ya tashi da ciwon kai da ƙafa a sage.

Ya rubuta a zauren da guntun Turancinsa cewa yana jin shi ne yake amsa wa kansa. Amsoshi suka zo daga mutanen da bai san ko a wace ƙasa suke ba. Wani ya ce kowa da haka ya fara. Wata ta ce shakka ita ce take hana abin girma, ya ɗauka duk abin da ya ji daga abokin ne. Wani ya ce shi sai da ya shekara. Zaharaddin ya dubi jarkar ya ce, "Shekara? Kai, wallahi ko gyaran mashin ban ba shekara ba."

Ga kuma tsoro ta ɗaya gefen. Idan abin ya yi shiru, sai ya ce ashe hauka nake yi. Idan ya ji kamar an motsa, sai ya ce kar dai wani abu nake kira da bakina a bakin ruwa. Ya koma karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya rufe ido. Wata Juma'a bayan an sallame, ya tsaya wurin Malam Abdulmumin, limamin da ya koya masa karatu yana ƙarami, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne yake tambaya. Wai in mutum yana magana da wani a zuciyarshi, wanin kuma yana amsawa, mi ke nan?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Abokin naka yana salla?"

"Yana yi."

"Yana barci? Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Shi da wa yake wuni?"

Zaharaddin ya sunkuyar da kai. "Shi kaɗai."

"To ka ce mashi ya riƙa shiga mutane. Kuma ka ce mashi ya gaishe da Alhaji Ashafa in ya koma gona."

Kunya ta hana shi sake bi ta gaban Malam har mako uku.

A kwana na sittin da wani abu kawun ya zo ba zato, ya tarar da inji a kashe, fangali biyu na albasa sun yi yaushi, ɗan ƙanwarsa kuma yana zaune ido rufe yana yi wa jarka bayanin yadda ake gane ƙwai ya lalace.

"Kai Zaharaddini! Da wa kake?"

"Waya nike, Kawu."

"Ina wayar?"

Wayar tana can saman rumfa a jikin ɗan faifan sola. Kawun ya dube ta, ya dube shi. Ya dai nuna albasar da sandarsa ya ce in ya sake dawowa ya ga haka, gara ya kawo wani.

Da ƙarar mashin ɗin kawun ta ɓace, Zaharaddin ya tashi ya yi ƙwallo da jarkar har cikin tattasai. Ya tsaya yana huci. Can ya je ya ɗauko ta, ya goge mata laka da gefen rigarsa, ya mayar wurinta. Ya zauna, wannan karon bai rufe ido ba.

"Ka ji, Sada. Na gaji da wasan nan. Baƙo ba ya faɗo wa mutum gida haka nan, sai ya yi sallama. Kullum ni nike fara maka magana. In kai wani ne, ba ni ba, to ka yi mani sallama. Ba lokacin da na shirya ba, kuma da kunnena nike so in ji. In ka yi, har abada ba ni ƙara shakkarka."

Da ya kafa wannan sharaɗi sai ya ɗan sami sauƙi, don yanzu ya san abin da yake jira. Ya ci gaba da zaman bayan azahar, yana ba da labarin gona, amma ya daina ƙirƙiro amsa. Sanyi ya zo ya wuce. Tumatir ya nuna. Wasu ranakun yakan ji kamar akwai mutum a kan jarkar, irin yadda ake jin mutum a ɗaki ko ba a waiwaya ba. Wasu ranakun jarka ce kawai. Ya tambayi 'yan zauren abin da zai yi idan muryar ta zo. Suka ce kar ya zabura, kar ya buɗe ido, kar ya yi magana a fili, don karon farko abin ba ya da ƙarfi, motsi kaɗan sai ya kore shi. Ya amsa a zuci, a hankali.

Kwana na ɗari da tara, Litinin ce, zafi ya fara. Ya yi salla, ya kashe inji, ya juya wa hanya baya. Bai ma fara magana ba, yana dai sauraren numfashinsa.

"Salamu alaikum."

Ba a cikin kansa ba ne. Daga bayansa ta zo, ta kunnen hagu, mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshe. Tsigar jikinsa ta tashi tun daga wuya har gwiwa. Ya damƙe gefen tabarma da hannu biyu don kar ya waiwaya. A zuci ya ce, wa alaikumus salam, Sada, sannu da zuwa.

Aka ɗan yi shiru.

"Salamu alaikum. Zaharaddin."

Har da sunansa. Hawaye suka zubo masa ta ƙarƙashin fatar ido. Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu, don Sada ya san ya ji. Yana ta maimaita amsar a zuci, harshensa yana son motsi yana danne shi.

Shirun da ya biyo baya ya fi na farko tsawo. Ya ji kamar ana sauya tsayuwa a kan busasshen kara.

"Salamu alaikum," a karo na uku, ƙasa-ƙasa.

Daga nan sai takun ƙafa, yana nisa. Zaharaddin ya ce a ransa, ikon Allah, har da tafiya. Ya daɗe bai buɗe ido ba. Can nesa wani mashin ya tashi, amma hanyar Makera ba ta rabuwa da mashin.

Kwana tara ya yi kamar wanda aka yi wa bushara. Ya gyara rumfa, ya sake wa albasa taki, ya yi wa kawunsa dariya har kawun ya tambaye shi ko ya sami budurwa. A zauren aka yi ta taya shi murna. Sada bai sake magana ta kunne ba, amma wannan bai dame shi ba, ai an ce karon farko ba ya da ƙarfi. Duk amsar da ta zo masa a zuci yanzu karɓa yake hannu biyu. Zuciyarsa ta yi fari har ya fara tunanin Bilya ba tare da ɗaci ba. Wanda yake da aboki, me zai sa ya riƙe wani a rai saboda dariya ɗaya?

Ranar kasuwar Kurfi ya kai kwanduna shida na tumatir. Da ya sallami dillali, ya ware masu kyau a leda ya nufi gidan su Bilya, gidan da ya yi wata takwas bai taka ba. Ya yi sallama a zaure. Inna Yahanasu, mahaifiyar Bilya, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa, amma ba ta ɗago ba.

Ya durƙusa. "Inna, ina wuni?"

"Lahiya."

"Ga tumatir na kawo maki."

"Aje nan."

Matar da take ce masa ɗan gidana, take ɓoye masa ƙanzo tun yana yaro. Ya ɗan jira, sannan ya tambaya ko Bilya yana gari.

Sai a lokacin ta ajiye rariyar. "Kai kake tambayata Bilyaminu? Yau kwana takwas da ya tahi bautar ƙasa, can kudu, inda sai an kwana biyu a mota."

"Ban sani ba, Inna."

"Ina za ka sani? Ya kira ka, waya ba ta shiga. Ni na ce mashi, kai ka yi laihi, kai za ka bi shi, kada ka bar gari da gaba a tsakaninku. Ana gobe zai tahi ya ari mashin, cikin ranar nan, da hanyar nan da kowa ke tsoro, ya tahi har Zobe."

Zaharaddin ya ce, "Wace rana?"

"Litinin. Ya ce ya same ka zaune ka ba hanya baya. Ya yi sallama, shiru. Ya ƙara, har da sunanka, ka gyaɗa kai, wato ka ji. Ya cika ta uku. To sallama ai uku ce, Zaharaddini, wanda ba a amsa mawa ba sai ya juya. Ya dawo gidan nan ko tuwo bai ci ba." Ta ɗauki rariyar. "Ko Bayahude ya yi maka sallama ka ɗaga kai ka dube shi. Mi ya yi maka da zahi haka?"

Ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya tashi, ya manta hularsa a kan turmi sai da ta kira shi.

A bayan gidan akwai wata bishiyar darbejiya. Nan ya tsaya ya buɗe lambar da ya toshe, ya kira. Sai a kira na biyu aka ɗauka. Ana ta hayaniya a can da wani yare.

"Wa ke magana?"

"Ni ne. Bilya, ni ne, Zaharaddin."

"Na sani. Ina jin ka."

"Yanzu na fito daga wurin Inna. Wallahi ban san kai ne ba."

"Ba ka san ni ne ba." Bilya ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Shekara ashirin, ba ka san muryata ba?"

"Na san ta. Ai shi ya sa."

"Shi ya sa mi?"

Ga maganar a bakinsa: na ƙera wani a kaina, na ba shi muryarka, na zaci shi ne. Ya tuna ɗakin nan da dariyar nan da bugun cinya. Maganar ta koma ciki.

"Na amsa maka, Bilya. Sau ukun duka na amsa."

"Ban ji ba."

"A zuci na amsa."



"A zuci," in ji Bilya. "To madalla. Ni ma a zuci na ba ka haƙuri, ka ga mun yi daidai. Ana kiran mu fareti, Malam Zaharaddin. Sai wani lokaci."

Bai taɓa ce masa Malam ba.

Washegari bayan azahar ya kashe inji kamar kullum, ya zauna gaban jarkar, ya rufe ido. Ya ce, "Sada." Muryar ta zo nan take, mai kaushi, mai jan ƙarshe, ta ce, ina jin ka. Ya buɗe ido da sauri. Ya sake gwadawa, ya yi ƙoƙarin sauya ta, ya sirantar da ita, ya ƙara mata zurfi. Duk yadda ya juya ta, mutumin da ya tsaya a bayansa cikin rana ne yake magana. Ya gwada kwana huɗu. A na biyar ya ɗauki wayar zai rubuta wa 'yan zauren abin da ya faru, ya ga ba shi da Turancin da zai bayyana musu me ya sa mutum zai juya bayan sallama ta uku. Ya fita daga zauren. Ya tayar da inji tun rana ba ta karkata ba, ya ja tiyo zuwa fangalin ƙarshe.

Yana tsaye ruwa yana bin ƙafafunsa ya yi lissafin abin, don ba shi da wanda zai gaya wa. Kwana ɗari da ashirin da uku na zama. Fangali biyu na albasa. Kwana tara na farin ciki, waɗanda ashe ba nasa ba ne. Gida ɗaya a Kurfi da ba zai ƙara shiga kai tsaye ba. Abokai biyu, ɗaya na kudu, ɗaya na kan jarka.